Tankin da ya ƙi fita

Jama'a, ku zo ku ji abin kunyar da na yi yau!

Kun san ni da mataimakina Illiya muna gina wa wani Haj, wato Alhaji, ɗakin ajiya a lambunsa na garin Zighan. Tun ranar farko na ja babban tankin ruwansa tsakiyar fili, don kada in sha wahalar ɗebo ruwan kwaɓa siminti. Illiya ya ce mini, "Usta," wato shugaban magina, "mu fitar da tankin nan kafin bango ya tashi." Na daka masa tsawa, na ce ba shi zai koya mini gini ba. Girman kai, Allah Ya yafe mini.

Yau muka gama buga kwanon rufi. Muka zo fitar da tanki, ashe ya fi ƙofa faɗi! Muka juya shi, muka kwantar, ya ƙi. Sai ga motar Haj! Na ce shi ke nan, kora ta zo, ga shi ba wani aiki a hannu.

Ban ɓoye ba. Na ce, "Ya Haj, laifina ne, an gaya mini na ƙi ji."

Ya leƙa, ya gwada ƙofar da hannu, sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Ɓarayi sun taɓa sace mini tanki. Wannan kuwa sai sun rushe ɗakin! Ku bar shi." Har ya kira maƙwabcinsa, wai shi ma a gina masa irinsa.

Illiya, na san kana karantawa. Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Aikin maƙwabcin nan kai ne usta, ni zan kwaɓa maka siminti.