Katin Luba da Ba a Yi wa Leda Ba

Har na bar koyarwa ba zan manta da ranar iyaye ta shekarata ta farko a wata firamare da ke unguwar Mabera ba. Ni ce malamar zane da aikin hannu, kuma a lokacin ina ji da kaina sosai.

Bayan girbi, da itatuwa suka fara zubar da ganye, na sa 'yan aji biyar yin katin gaisuwa. Ga sababbin malamai, ga yadda ake yi: a tsinto ganyen, a shimfiɗa shi cikin tsohuwar jarida, a danne da bulo har ya bushe a miƙe. Sai a manna shi a kwali da gam, a ƙawata da fentin ruwa, da zare, da guntayen atamfa. A ƙarshe a kai shago a yi masa laminatin, wato a rufe shi da leda, don kada ya karye. Hedimasta ya ce katin da ba shi da leda ba zai hau teburin nuni ba.

Kowa ya yi nasa gwanin kyau, ban da Luba. Ganyen lemun tsami ta manna, ta zagaye shi da ƙwayar gero, ko ɗigon fenti babu. Da na zo tattarawa sai ta ɓoye katin a hijabi, idonta ya cika da hawaye.

"Malama, don Allah kar a sa mai leda."

Raina ya ɓaci, na zaci taurin kai ne. Na ce, "Ke Luba, so kike ya murƙushe?"

"Na kakata na, ba ta gani. In an ka rufe shi, da mi za ta gane shi?"

Ashe tun da idon tsohuwar ya mutu aka dawo da ita birni daga ƙauye. Ganyen kuwa na lemun tsakar gidanta ne, Luba ta roƙi kawunta ya tsinko mata.

Na je wurin Hedimasta. Mutum ne mai son tsari, ko alli a jere yake ajiye shi. Ya saurare ni, ya ce, "Sa shi bakin tebur, inda hannu ka kaiwa."

Ranar iyaye Luba ta riƙo hannun kakarta har gaban teburin. Tsohuwar ta shafa geron, ta bi jijiyar ganyen da ɗan yatsa. Kafin in ankara ta ɓalle shi, ta murtsuke a tafin hannu. Ban san sanda na ce "Wayyo!" da ƙarfi ba.

Ta kai hannun hancinta, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Wanga lemun bakin rijiyata na. Ashe yana nan da rai?"

"Yana nan, Inna. Kawu ya ce har ya yi ɗiya."

Tsohuwar ta ƙulle garin ganyen a bakin zanenta. Luba sai murmushi take yi, ga kwalinta ba komai sai gero. Ni kuwa na juya baya ina goge ido, na tarar Hedimasta ya riga ni.

Tun ranar, kafin in koya wa yaro yadda zai adana aikinsa, sai na fara tambayarsa wa zai ba.