Kukan Malam Bawa a Kara

Ranar kasuwar Dakoro ce, sati biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da na cika sha huɗu. Inna ta aike ni kara, inda ake cinikin dabbobi, in kai wa Baba fura. Ina tsaye bayan wata amalanke ina jiran ya gama magana, sai na hangi Malam Bawa, baban ƙawata Hasiya, ya jawo jan sansa da wata tsohuwar igiya mai ƙulli uku. An yi ciniki, an sallama, ya miƙa igiyar. Sai kuma ya ce mai sayen ya ɗan dakata. Ya kama bakin shuɗin rawaninsa ya share wa san ƙudajen da ke ido, ya jingina goshinsa da tozo, kafaɗunsa suna rawa. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Ka yafe mini, Ɗan Ja." Da ya ɗago ya face hanci, ya ce wa dillali ƙwaro ne ya faɗa masa ido. Ba wanda ya kula sai ni. Ni kuwa tun ina ƙarama ba abin da ke wuce mini, har Inna kan ce, "Idon nan naki sai ya ja miki wata rana."

A lokacin na shekara uku da barin lakwal, wato makarantar boko. A aji huɗu na tsaya, don Inna ta yi ta haihuwa kusa da kusa, daka da surfe da ɗiban ruwa a pompo duk suka dawo kaina. Amma Yaya Rakiya, ɗiyar kawuna da ke kolej, tana da salula, kuma 'yan ajinsu sun buɗe wani gurup na wasan labari. Sun ƙirƙiri gari da babu shi, kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi: wannan mai gari, wannan direba, waccan mai tuwo. Kowa ya rubuta abin da mutuminsa ya yi ko ya faɗa, na gaba ya ɗora. Doka biyu ce kawai: abin da aka rubuta ya zauna, ba a gogewa, kuma wanda ya kwana uku bai leƙo ba, sauran na iya yin yadda suka so da mutuminsa. In na yi wa Yaya Rakiya dakanta, sai ta ba ni salula daga azahar zuwa la'asar, in zauna gindin bedin gidanmu hannuna duk dusa ina latsawa.

Hasiya ce ta roƙa aka sa ni. Mutanen wani ƙauye ne wajen Ɗan Gulbi, tana zaune wurin gwaggonta a maƙwabtanmu don karatu, da salular gwaggon take shiga. Tare muke layin pompo, tare muke 'yar gala-gala a ƙofar gida. Ita likita ce a garin namu, ni tsohuwar dillaliya mai shiga gida-gida. Da farko layi guda kan ɗauke ni tsawon dahuwar wake, ita ke zama kusa da ni tana cewa, "Rubuta yadda kike faɗi, ƙawa, bakinki ya fi nasu." Cikin wata biyar na koyi abin da malaminmu na lakwal, mushe, da bulalarsa ba su koya mini ba. Na gane inda ake tsayar da magana don mutum ya ƙagu, na gane ƙaramin abu kamar tsagaggen takalmi ya fi dogon bayani. Na kuma gane abin da ke kawo fuskokin dariyar nan masu hawaye da ake turowa a gurup. In dillaliyata ta yi kirki, biyu ko uku. In ta tona wani, sai su zubo kamar gero daga buhu. 'Yan kolej da ke ce mini 'yar aji huɗu suka koma jiran la'asar su ga me na rubuta.

Satin da na ga Malam Bawa, Hasiya na ƙauye wajen yankan hatsi, can ba rezo, salula ba ta kamawa. Kwana uku suka cika. Direba ya rubuto, "Dillaliya, likita ta zama taki, mu ga aiki." Sai na kawo uban likita cikin garin. Na sa masa shuɗin rawani, na ba shi igiya mai ƙulli uku, na sa shi ya jingina goshi da tozo. Ban canza ko sunan san ba. Na ƙara da abin da bai faru ba, na ce san ma ya juya masa baya don kunya. Har yau ban taɓa rubuta abin da ya kai wannan kyau ba, kuma ina rubutawa ina jin daɗinsa. Yaya Rakiya ta yi dariya har ta zubar da kunu.

Ni a zatona abin da ke salula a salula yake tsayawa. Ashe uban yaron da ke direba a gurup dillalin shanu ne, da labarin ya kai gare shi ya san rawanin, ya san san. Kasuwa ta gaba, Malam Bawa ya zo sayen gishiri da kanwa, samarin kara suka bi shi suna kukan shanu, suna "Ka yafe mini, Ɗan Ja!" Dattijo mai furfura, ya bar gishirin a gaban mai awo ya fita ta bayan rumfuna.

Da Hasiya ta dawo, a layin pompo ta same ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ke kika gani da idonki?" Na ce, "Wasa ne fa, ƙawa." Ta ce, "Don kayan lakwal ɗina ya saida shi. Yanzu ya ce shi da kasuwar Dakoro har abada." Da la'asar ta shiga gurup. Kowa ya zuba ido, don ana jiran ta rama, ta sa a kama dillaliya da sata ko a aske mata kai. Layi guda ta rubuta: "Likita ta kulle asibiti, ta kama hannun babanta, sun tafi gida." Ta fita. Suka zuba mata fuskokin dariya, mai gari ya ce asibiti ya zama na dillaliya. Na karɓa. Na yi shekara biyu ina wasan, Hasiya na wuce ni da bokiti a kai kamar ta wuce garu.

Yanzu ina da aure da ɗiya 'yar shekara huɗu, salula tawa ce ba sai na yi wa kowa daka ba. Matan unguwa kan kawo mini in tsara musu saƙo zuwa ga mazansu da ke ci-rani, suna cewa rubutuna na sa mutum kuka. Ban gaya musu inda na koya ba. Shekaranjiya ɗiyata ta kwaikwayi tafiyar tsohuwar da ke kawo mana nono, ɗingishin da komai, tsakar gida ta ɗauki shewa. Na ga yadda ta juyo tana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta sake yi, ta ƙara gishiri. Na ɗauke ta na shige ɗaki, tana tambayata laifin me ta yi. Ban san yadda zan gaya mata ba tukuna. Na ji an ce Hasiya na aiki a Maraɗi. Ni dai na iya rubutu, amma na rasa wadda nake so in rubuta wa.