Motar da Maigida Bai Hau Ba

Da ya hau motar nan, da yau yana raye? Shekara biyar ke nan da rasuwar maigidana, har yanzu da tambayar nan nake kwana, da ita nake tashi. Na yi wa Fasto ita, ya ce Allah ne masani. Na yi wa malamin asibitin Kura ita, ya sunkuyar da kai yana ta gyara kwalabe. Yau ga ni ina yi muku ita, ku masu karanta jarida, ko da yake na san ba ku da amsa.

Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Hannatu, 'yar ƙanwata mai koyarwa a firamare, ita ke riƙe da alƙalami. Na ce mata kada ta gyara mini magana, in kuka ya zo mini ta jira ni. Sunan maigidana ba zai fito daga bakina ba, don bai taɓa fitowa ba yana da rai. A majami'a Dattijo ake ce masa.

Mu Hausawa ne, Kiristoci, 'yan gidaje kaɗan a wata unguwa tsakanin Kura da Bunkure. Kakanninmu a nan aka binne su tun ba a haƙa kanal ba. Da ruwan dam ya iso aka yanka gonaki, aka raba ranakun ban ruwa, sai ranarmu ta faɗo Lahadi. Su Malam Sule, da gonakinsu ke ƙasa da namu, tasu ta faɗo Juma'a. In kuwa ranarka ta wuce ba ka buɗe wa komayen shukarka ruwa sun sha ba, sai wani mako. Maigida ya sha tsayuwa cikin laka yana jin ana buga ƙarfen sujada. Malam Sule ma ya sha kallon mutane cikin fararen riguna suna wucewa masallaci, shi yana riƙe da fartanya. Wata rana suka haɗu a kan gaɓar kanal, Malam Sule ya ce, "Maƙwabci, ni da kai gwamnati ta mai da mu marasa addini." Maigida ya ce, "To ba ni Juma'arka, in ba ka Lahadina." Shi ke nan. Mutanensu suka bi, namu suka bi, aka yi shekaru a haka ba wanda ya ji kanmu.

Ruwan da ya ciyar da mu shi ya sa masa ciwo. Tsargiya ce, fitsarin jini, wadda duk mai shiga kanal ya sani, maza ma ba sa ɗaukarta ciwo. Tasa ta daɗe har ta taɓa hanta. A shekarar farin nan da ruwa ya ja baya a dam, cikinsa ya kumbura, ƙafafu suka yi nauyi, wuya ya rame. Malamin asibiti ya ce su ba su da abin yi masa, sai babban asibitin mishan da ke kan hanyar kudu, kuma kada a bari ya fara aman jini. Fasto ya samo wani direban motar tumatir, ɗan ikkilisiya, zai tashi Litinin da safe, ya ce ya ba Dattijo gidan gaba. Na wanke masa riguna, na ƙulla masa guzuri. Zumuntar matan majami'a ta ɗauki azumi dominsa. Ina ganin warkarwa kusa, kamar in miƙa hannu in ɗauko.

Ranar Juma'ar da ta gabaci tafiyar, ɗanmu Bitrus ya yi ban ruwa a madadin ubansa, shi ne kuma na ƙarshen barin gona. Kafin mutane su dawo daga masallaci, gaɓar kanal ta fashe. Ruwa ya malale ta cikin gonakinmu ya tafi fadama. Ma'aikatan ruwa suka rufe ƙofa daga sama, suka ce sai an toshe. Ruwan Lahadi na su Malam Sule ya tafi ke nan, alkamarsu kuwa tana fitar da kai, lokacin da ba ta jure ƙishi. Ko gafiya ce ta huda, ko ƙasa ce ta gaji, ko hannun mutum ne, ban sani ba. Na tambayi Bitrus ido cikin ido, ya ce ba shi ba ne. Na yarda da shi, amma ni uwarsa ce.

Lokacin kuma ba mai kyau ba ne. Rediyo na kawo labarin rigima daga birni, masu zuwa sayen tumatir kowa da abin da yake ƙarawa a kai. Matar da na saba sayen daddawa a wurinta ta gan ni ta kau da kai. Aka ce arna sun jira mutane sun tafi salla sun saci ruwa. Musayar da muka daɗe muna gode wa Allah a kanta, ita ta zama shaida a kanmu. Malam Sule, wanda ba ya kwana biyu bai leƙo gaida mara lafiya ba, bai leƙo ba. Sai ga saƙon maigari: Litinin da hantsi, wanda ya ƙulla musayar ya zo ƙofar gidansa ya yi bayani. Mai kawo saƙon ya rage murya ya ƙara da cewa samarinsu sun ce in ba a zo ba, su za su zo.

Muka tura Bitrus wajen kawunsa a Madobi. Wasu gidaje suka fara ɗaure kaya. Samarinmu kuwa na gan su da idona suna wasa adda a bayan majami'a.

Ranar Lahadi bayan sujada, Fasto da matan zumunta suka zo ɗakinmu. Aka shafa masa mai, aka ɗora masa hannu. Da aka ce in yi addu'a, kalma ɗaya ce kawai ta zo bakina. Na ce, ya Ubangiji, lafiya. Ka ba mu lafiya, ya Yesu, lafiya muke roƙo. Na ji maigida ya amsa amin da ƙarfin da ban san yana da saura ba. Da mutane suka watse na ce masa, "Na ji amin ɗinka. Gobe sai mota."

Ya ce, "Lafiya kika roƙa, Ladi. Ba ki ce ta wa ba."

"Ta jikinka mana! Ta wa kuma?"

"Ni da na ji, ta gari na ɗauka."

Na ce, "Kada ka yi mini wasa da addu'a."

Can ya ce ba wasa yake yi ba, tsoro yake ji. Ya ce tun Asabar ya kasa roƙon warkarwa, in ya buɗe baki sai ya ji yana cewa Ubangiji ba ni hikima, ban san abin da zan yi ba. Ya ce in ya tafi, za a ce mai musaya ya gudu, ɗansa ya gudu, wa ya rage? Na ce Fasto ya je. Ya ce Fasto baƙo ne, ba da shi aka yi magana a kan gaɓa ba. Na ce to ni fa, in ka mutu wa ya rage mini?

Litinin motar ta tsaya a bakin titi, kwanduna jere har sama. Direba ya shigo ya durƙusa ya ce, "Baba, mu tafi, tumatir ba ya son rana." Maigida ya ce, "Je ka, ɗana, Allah ya kiyaye hanya." Na riƙe masa riga. Na faɗa masa maganganun da Hannatu ba za ta rubuta ba. Direban ya yi ta danna oda a bakin titi, ko za a sake shawara, har na ji ƙarar motar ta yi nisa.

A amalanken shanu aka kai shi ƙofar maigari. Ni na tsaya bayan danga tare da mata biyu, muna leƙe. Mutane sun cika wurin, wasu da sanduna. Wani mai suna Iro, wanda alkamarsa ta fi ta kowa shan wuya, yana ta ɗaga murya: "A soke musayar nan! Kowa ya koma ranarsa!"

Aka jingina maigida da bango. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ga wanda ya fasa gaɓa ba. Ba zan rantse a kan abin da ban gani ba, ko da ɗana ne. Iro, in an soke, ranar Juma'a liman na huɗuba kai kana cikin laka. Ka yarda?" Maigida ya numfasa ya ci gaba, "Ga abin da na zo da shi. Yau mutanenmu za su toshe gaɓar, ba don mun fasa ba, don alkama na jin ƙishi. Juma'a mai zuwa ku tafi masallacinku. Ruwanmu na ranar, gonakinku za mu fara shayarwa, ta Iro ce farko. Abin da ya rage mu sha."

Wani daga baya ya ce, "In kun sake fasawa fa?"

"Kun san gidana. Dubi cikina, ina zan gudu da shi?"

Wani ya yi dariya, ya kuma haɗiye ta. Sai Malam Sule ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, Juma'ata ce, da bakina na ba shi. Mai son kama shi ya fara da ni." Ya juyo ya dubi maigida. "Maƙwabci, ba yau ne tafiyarka asibiti ba?"

"Mota ta tafi."

Malam Sule ya yi salati, ya zauna.

A kan hanyar komawa gida, a cikin amalanken, ya fara aman jini. Da direban ya dawo daga kudu ya zo ya dube shi, ya ja ni waje ya ce, Iya, ko an ɗauke shi yanzu ba zai kai asibitin ba.

Bara wani mai wa'azi ya zo daga birni da lasifika, ya ce mai bangaskiya ta gaske ciwo ba ya kashe shi. Na tashi daga benci na fita, ana kallona. Da maigida na nan na san abin da zai yi: zai kira mutumin gida a ba shi tuwo, sa'an nan ya zaga da shi bayan majami'a ya tambaye shi wanne daga cikin waɗannan kaburbura ne na marar bangaskiya. Ina kuma tunanin abin da zai ce da yau. Masu hali sun sayi injin ban ruwa, ba sa jiran ranar kowa, ba sa roƙon kowa. Taki ya yi wuya. Labarin rigima ya sake tasowa daga garuruwa, jikokina suna dawowa makaranta da kalmomin da ba a gida suka koya ba. In na ji irin wannan, nakan tuna ranar da nake bayan danga. Nakan so in yi irin addu'arsa, amma ni har yanzu warkarwa nake roƙo, ga duk wanda na ji yana kwance. Na yi fushi da Ubangiji, na daɗe ina yi. Bai kore ni ba, ni ma ban bar gidansa ba.

In koma ga makon nan, Juma'ar alkawari ta zo maigida yana kwance, numfashi sama-sama. Mazan unguwa sun toshe gaɓa, amma fita gona a ranar, gari ba kowa, wannan ya ba su tsoro. Kowa na jiran wani ya fara. Na ɗauki fartanya na fita, na bar matar Fasto a wurinsa. Filin nan duka ba motsin mutum, sai ƙarar ruwa. Duk ciyawar da ta motsa sai in waiga. Na je gonar Iro na sare bakin komi na farko, ƙasa ta tsattsage, tana shan ruwa tana ƙara. Ina na uku sai ga Fasto ya naɗe wando. Bayansa matan zumunta biyu, sa'an nan maza ɗaya bayan ɗaya, kai a ƙasa.

Da aka sauko daga masallaci Iro ya zo ya tsaya a kan gaɓa da farar rigarsa. Ya daɗe yana kallon ruwa kwance a gindin alkamarsa. Ya ce, "Sannu da aiki, Iya. Yaya jikin Dattijo?" Na ce, "Da sauƙi." Ashe a lokacin har an rufe masa ido. Tun daga nesa na jiyo mata suna waƙa a gidana, na gane. Na zauna a kan hanya da lakata.

Malam Sule da Iro suna cikin masu haƙa kabari. Bitrus ya dawo, ba wanda ya taɓa shi. Har yau ruwan Juma'a namu ne, na Lahadi nasu, wasu cikin yaran da ke ban ruwan ma ba su san da ba haka yake ba. Abin da ya bari ke nan, da ni, da ɗakin da ya yi mini girma. Ana ce mini Ubangiji ya amsa addu'a. Na yarda ya amsa ta mutum ɗaya a cikinmu. In na auna unguwar nan da ke tsaye da tabarmarsa da ke naɗe, wata rana unguwar ce ke rinjaya, wata rana tabarmar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban ga fitar ransa ba. Da safen Juma'ar nan na ce masa babu inda za ni, ko alkamar duniya za ta ƙone. Na riƙe hannunsa. Ya zare shi a hankali, ya tura mini gwiwa da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ce:

"Tashi ki je, Ladi, a gan ki a bakin ruwa. In kin dawo kin same ni, to. In ba ki same ni ba, kin san wurin wanda nake."