Ranar da Ɗan'inna Ya Kai Inna Ganin Ruwa

Duk wanda ya taɓa shiga motar Ɗan'inna ya san bawan Allahn nan bai iya zama ba. In danja ta tsayar da shi, yatsunsa na kaɗa sitiyari. In an zuba masa shayi, a tsaye yake kurɓa. Abokan hayarsa a unguwar Khalidiyya sun rantse ko barci yake ƙafarsa na laluben totur. Ɗan Yawuri ne, ya zo Madina da takardar direba tun kansa baƙi wuluk, yana jan motar wani kamfanin ziyara. Sauran direbobi su kai baƙi Uhudu da Ƙuba da Ƙiblatain, a sayi tsaraba, a koma masauki. Shi sai ya ƙara da kwarin Aƙiƙ, inda tsofaffin gidajen dutse na mutanen farko suke, da rijiyar Urwa, da gonakin dabino da ke bin gefen busasshen kwarin. Baƙi su gaji, su yi ta hamma, shi kuwa maganarsa ɗaya ce: "Saura wuri ɗaya."

Shekarar da furfura ta fara cin gemunsa, mahaifiyarsa, Inna Ikilima, ta zo Umra cikin ayarin matan garinsu. Tsohuwa ce tukuf, kuma ta san wannan zuwan shi ne zuwa. Abu ɗaya ta ƙulla a ranta tun daga gida: salloli arba'in a jere a Masallacin Annabi, ba tare da ɗaya ta kuɓuce ba. Kwanakin da aka yanka wa ayarinsu daidai wa daida suke da arba'in ɗin, babu rarar ko sallah guda.

Ɗan'inna kuwa ya ƙi ci ya ƙi sha sai ta ga kwarinsa. Shekaru yana nuna wa uwayen wasu, tasa ba ta gani ba? Kullum yana ƙofar masaukinta yana juya makulli a yatsa.

"Inna, da hantsi mu fita, kafin azahar kina cikin Haram. Wallahi."

"Bar rantsuwa, Auta," ta ce. "Na san ka tun kana rarrafe. Ka dai dawo da ni."

Ranar da ta yarda, an wayi gari da ƙamshin ƙasa, don an sha ruwa a bayan gari. Ya aro ƙaramar mota, ya fara kai ta tsohon gidan Urwa, mai rijiyar nan. Ya zage yana bayani, ga kaurin bango, ga baƙin dutsen da aka jera, ga rijiyar da matafiya ke sha. Inna ta dogara sandarta ta ƙare wa wurin kallo.

"To, kango ne dai," ta ce. "Allah Ya jiƙan masu shi."

Gonar dabino ce ta burge ta. Mai kula da gonar, Bakri, Bahaushen Sudan ne, ya shimfiɗa mata tabarma a inuwa yana "Marhaba, Hajja, tafaddali, gida kika zo." Ya kawo shayin na'ana'a da dabino mai laushi wanda ba ya buƙatar haƙori. Ta damƙi ƙasar wurin ta murza, ta ce albasa za ta yi kyau a nan. Ɗan'inna ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Can ta dubi inuwar bishiya ta ce ya isa, a tafi, ga lokaci da sauransa.

Suna hanya wayarsa ta yi ƙara. Wani abokinsa direba ne ke ihu: "Aƙiƙ ya kawo ruwa! Yalla, ka zo ka gani!" A Madina wannan ba ƙaramin labari ba ne. Kwarin kan shekara a bushe, ran da ya cika kuwa mutanen gari sai su kwashi iyali da butar gahawa su fito kallo. Ɗan'inna ya daɗe a garin har ruwa mai gudu ya zame masa abin al'ajabi. Ya dubi agogo, zuciyarsa ta ce akwai lokaci.

"Inna, saura wuri ɗaya."

"Auta."

"Leƙawa kawai."

Ya karya kan mota. Da suka isa, ga jan ruwa na gangarowa tsakanin duwatsu, yara na tsalle, manya na ɗaukar hoto. Inna ta leƙa ta taga, ta juyo ta dube shi.

"Ni da na tsufa a bakin Kwara, wannan ka kawo ni gani? Ko akuya ba ta jiƙa cikinta a nan."

Sai a lokacin hankalinsa ya dawo jikinsa. Ya waiga zai juya, motoci sun riga sun toshe bayansa, layi har inda ido ya tsaya. Ya danna hon, ya fita yana roƙon mutane da Larabci, ya dawo, ya sake fita. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin garin. Ba a jima ba ladanan unguwa suka ɗauki kiran azahar, daga nan da can, kowanne na shigar masa har ƙirji.

Inna ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce ya miƙo mata gorar ruwa. Ta yi alwala a gefen titi, ta shimfiɗa mayafinta a kan tsakuwa, ta yi sallarta. Ya ga kafaɗunta na rawa a sujadar ƙarshe. Da hanya ta buɗe, ya mai da ita masauki.

Sauran kwanakin ta ci gaba da zuwa Haram kowace sallah, kamar ba abin da ya karye. Shi ya riƙa kai mata abinci yana ajiyewa a hannun mai gadin masaukin, don ba ya iya haɗa ido da ita.

Ranar tafiya ya ɗauko jakarta har cikin filin jirgi. Matan ayarin na zaune suna yi wa juna barka, wata ta ce, "Hajiya Ikilima, ke kuma me ya hana ki azahar ran nan? Mun neme ki ba mu gan ki ba."

Ɗan'inna ya sandare da jaka a hannu. Inna ta shafa gwiwarta ba tare da ta dubi inda yake ba.

"Ƙafar nan ce ta riƙe ni," ta ce. "Tsufa ai ba ya jin roƙo."

Matan suka yi ta mata sannu. Shi kuwa ya san a iya rayuwarsa bai taɓa jin ƙarya a bakin tsohuwar nan ba, sai yau, a garin da ta zo neman a wanke ta. Aka kira ayarinsu. Ta karɓi jakar, ta sa masa albarka a taƙaice, ta bi layi tana ɗingisa ƙafar da lafiyarta lau.