Tafin Hannu a Cikin Gilashin Sule

Jama'a, abin nan da zan ba ku ni ya faru da ni, wallahi ba ji na yi a bakin wani ba. A Kankiya ne, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, ina koyarwa a firamare, ranar hutu in hau keke in leƙa gida Kusada. Akwai taubashina Sule, ɗan ƙanen mahaifiyata, tare muka taso, kuma ko shi ba zai musa ba na fi shi kai a makaranta. Amma shi ya tafi Fatakwal ya dawo da mota da injin wuta, ni ko ina nan da alli a hannun riga.

Motar ma ba ta ci mani rai ba kamar akwatin gilashin da ya girka a falonshi. Wai kifin teku zai sa, masu launi, irin waɗanda ya gani a gidan wani Bature. Ya zo da gishirin teku a buhu, da duwatsun murjani naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, masu ramuka kamar gidan gara. Ya haɗa ruwa, ya kunna famfon iska, ya jefa ɗan guntun kifi ya bar shi ya ruɓe. Na ce, "Yo ina kifayen?" Ya ce sai ruwan ya nuna tukuna, wai akwai ƙananan halittu a jikin duwatsun da ido ba ya gani, sai sun yaɗu sun iya cinye dafin ƙazanta, in ba haka ba duk kifin da aka sa mutuwa zai yi. Kuma fa a haka, akwati ba ko kifi ɗaya, mutane ke zuwa daga Rimaye su tsaya suna Tubarkalla. Ni nan zuciyata kamar ta fashe.

Da zai koma kudu ɗauko kifayen, ni ya damƙa wa makulli, ya ce, "Malam, kai ke da haƙurin awo." Kun ji, wahalar tawa, yabon nashi. Kullum in an tashi makaranta in je in duba ɗan ma'aunin gishiri mai yawo a kan ruwan, in ruwa ya ragu in ƙara na sama da muka tara a randa, don na rijiya zartsi gare shi. Sannan in ɗebi kaɗan a 'yar kwalba in ɗiga magani. In ya yi ja, dafi na nan, ranar da ya tsaya fari tas ruwa ya nuna. Makonni ina yi, kullum ja wur, ga wata gansakuka ruwan ƙasa ta rufe gilashin ta ciki. Duk da haka a kasuwa sai a tare ni, "Ya tekun Sule?" Ba wanda ya taɓa cewa sannu da aiki.

Wata rana bayan azahar, rana tsaka, iyalinshi sun tafi suna, ni kaɗai a falon. Na auna, ja. Na zauna na zuba tagumi ina kallon akwatin ina cewa a raina me Sule ya fi ni da shi. Sai injin wuta ya ɗauke, famfo ya tsaya, ɗaki ya yi tsit. Amma ruwan bai kwanta ba. Na ga yana tashi yana komawa, yana tashi yana komawa, har ya fara zuba ta baki, ga ƙarni mai nauyi ya cika ɗakin, irin wanda ban taɓa shaƙa ba.

Sai na ga gansakukar tana gogewa ta ciki. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, yatsa bayan yatsa, har tafin hannu ya fito sosai, na babban mutum, kamar an manna an ja ƙasa. Babu hannu, babu komai, sai shaidar. Inna lillahi! Ban san sadda na kai zaure ba, takalmi ɗaya a ƙafa.

Washegari na ja wani maƙwabci muka shiga tare, ban gaya mashi komai ba. Tafin na nan, har ya ce, "Malam, me ya kai ka sa hannu ciki?" Na auna ruwa, fari tas. Kuma ku ji halin ɗan Adam, duk da tsoron, abin da ya fara zo mani shi ne haushi, na gama wahala ruwan nan ya ƙi ni, wani abu ya taɓa shi sau ɗaya ya nuna.

Da Sule ya dawo ya rame, yana tari. Kwalekwalen masuntan da suka kai shi neman kifin ne ya kife, da ƙyar aka ciro shi. Sai da 'yan jaje suka watse ya jawo ni gefe, ya ce, "Taubashi, na gan ka fa."

Na ce, "A ina?"

Ya ce, "A ƙarƙashin ruwa. Kana kan kujerata ka yi tagumi, da shuɗiyar rigarka, kwalba a hannu. Na buga maka gilashin, na buga, ka tashi ka gudu." Ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Wane irin kallo kake mani haka ranar?"

Shuɗiyar rigar ce a jikina ranar da na ga tafin, kuma sai bayan tafiyarshi kudu na ɗinka ta, bai taɓa ganin ta ba.

Daga baya an kawo mashi kifayen, suka rayu, gari ya yi ta tururuwa. Ni ban ƙara wuce zauren gidan ba, amma ba zan ɓoye maku ba, duk sadda na ji ana yabon su sai wani abu ya tokare ni. Na kai maganar wurin wani malami a garin Ƙofa, ya daɗe yana jan carbi, ya ce in yawaita addu'a, bai ƙara komai ba.

Sule ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan shi. Har yau in na leƙa randa sai na kawar da kai da sauri. Ni dai shawarata, in kun zauna ku kaɗai gaban kayan wani kuna ƙunar rai, ku gyara fuskarku, ku yi bisimilla, don ba ku san wa ke kallon ku daga ciki ba.