Garwashin Maƙwabta

Na hura wuta a ƙasashe da dama, amma itace bai taɓa kunyata ni ba sai a Malesiya. Hutun makarantar da ya wuce muka tsere wa cunkoson Kuala Lumpur, ni da Maman Ummi da 'yarmu Ummi, muka kafa tanti a bakin wani rafi bayan gari. Ruwa garai-garai yana bin duwatsu. Muka wuni muna jiƙa ƙafa, ba wanda ya tuna da waya.

Ummi a nan aka haife ta. Ka yi mata Hausa, ta mayar maka da Turanci, ta ɗora masa "lah" irin na 'yan Malesiya a wutsiya. Na daɗe ina mata alkawarin tatsuniyar kakata Iya, a bakin wuta, yadda na ji ta. Tsorona ɗaya, kada tatsuniyar nan ta ƙare a kaina.

Tun a kasuwar Chow Kit da muke sayen kifi da masara Maman Ummi ta ce a haɗa da gawayi. Na ce haba, wa yake zuwa daji da gawayi? Na manta nan ba garinmu ba ne da rani. Itacen ƙasar nan ka gan shi kamar busasshe, ashe ya sha ruwa ya ƙoshi. Bayan magariba na durƙusa ina ta hurawa har ashana ta ƙare.

"Abban Ummi, ya isa haka," in ji Maman Ummi. "Sauro sun gudu, mu ma muna shirin bin su."

Hayaƙin nan da ya cika min ido shi ya kai ni tsakar gidanmu a ƙauye. Iya tana da doka: ba ta fara tatsuniya sai an ɗebo garwashi daga maƙwabta a kasko. Kuma kusan kullum ni take aika.

"Kai maigidan banza, tashi ka ɗebo mana wuta gidan Baba Sale. Ka gaishe su tukuna, ban da tsayawa ƙiƙam kamar turmi."

"Iya, ba ga ashana a bakin zaninki ba?"

"Ina ruwanka da zanina, kai ka saya min? Wutar ashana ba ta san kowa ba."

Ina ba Ummi labarin dokar nan, ashe idonta yana kan tantin da ke gaba da mu, inda wasu 'yan ƙasar suke gashin nama a kan gawayin ɓawon kwakwa. Ni ma na gan su tun ɗazu, nauyin roƙo ne ya hana ni. Ita kuwa ta ɗauki murfin tukunya ta nufe su. Muka jiyo sallamarta, muka jiyo wata tsohuwa tana cewa "Boleh, boleh!" wato ba komai, ɗebi. Sai ga ta da garwashi jajir, da tsiren nama, da tsohuwar kanta biye da ita, ta zo ganin mutanen da suka zo daji ba gawayi.

Wuta ta kama. Na gyara zama na buɗe yadda Iya take buɗe tata, na ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Maman Ummi ta raɗa wa Ummi amsa, Ummi ta ce, "Ta shigo mu ji ta."

Wai an yi wani mutum a bakin kogi, ana ce masa Na-ƙi-roƙo. Ran nan wutarsa ta mutu. Ga hayaƙi yana tashi a gidan maƙwabcinsa, amma ya ce shi ba zai je a ce ya roƙa ba. Da yamma ya hango sama ta yi ja a ƙetaren kogi, ya ce yauwa, ga wutar da ba ta da mai ita. Ya ɗauki kasko ya haye. Yana zuwa ta matsa bayan dutse. Ya hau dutse, ta koma bayan wani gari. A nan Iya take yin shiru, ta tura kara a wuta, sai mun ƙagu mun ce, "Sai me, Iya?" Ta ce, "Sai me kuwa? Har yanzu yana tafiya. Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

Haka na sauke wa Ummi. Ta ci gaba da juya masara a wuta. Can ta ɗago, da Hausarta mai tuntuɓe, ta ce, "Abba, mutumin nan, kai ne?"

Maman Ummi ta yi dariya har da hawaye. Tsohuwar ba ta ji ko kalma ba, amma ita ma ta taya ta.

Da ina yaro na ɗauka Iya wahalar da ni kawai take so. Sai da na bi jan sama daga Kano zuwa Jidda, daga can zuwa nan, na lura duk inda na ji ɗumi a duniya, wani ne ya miƙo min garwashinsa, kuma sai da na fara gaishe shi. Iya kuwa, ranar da ta rasu, da aka kwance bakin zaninta an sami kwalin ashanar nan. Cike yake.