Cikin Kyanwar Goggo

Shekarar da na fara aikin malamin dabbobi a Dutsin-Ma, wajen ƙarshen zamanin Turawa, na san komai. Wata tara na yi ana koya mini allurar cutar bushiya ta shanu da duba kofato, aka ba ni kaki da keke da jakar magani. Fulanin da suka tashi a cikin shanu tun kaka da kakanni suna tsayawa suna saurarona, ni kuma na ɗauka ilimina suke girmamawa. Sai daga baya na gane kakin ne.

Ƙanwar mahaifina, Goggo, a Kurfi ta yi aure. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, ta ƙi komawa gidan kowa. Daga ita sai rumbu ɗaya da tukunyar da take ajiye irin gero da wake. Ɓeraye suka sa ta gaba, har a wata damina sai da ta roƙi iri a maƙwabta, abin da ta ce ya fi mata zazzaɓi ciwo. Don haka da kyanwar gidanmu ta haihu, na sa mace ɗaya a buhu na kai mata. Wurinmu mussa ake ce wa kyanwa. Goggo ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai "yarinyar nan". Cikin 'yan watanni ɓeraye suka yi ƙaura, Goggo ta daina kwana da tukunyar iri a ƙarƙashin gado.

Da kaka aiki ya kai ni Birchi, na biya ta Kurfi in gaishe ta. Muna zaune a inuwar rumbu sai kyanwar ta fito tana tafiya a hankali, cikinta ya yi tulu, sauran jikinta kuma siriri. Na kama ta na lallatsa, na buɗe bakinta, na leƙa idonta kamar yadda aka koya mini a kan tumaki. Na tambayi Goggo ko ta ji ta tana kukan neman muzuru, ta ce ba ta ji ba. Ko ta ga tana birgima a ƙasa, tana goga jiki a ƙafar mutane? Ba ta gani ba. Ko muzurai sun taru a kan danga suna faɗa? Ta ce ita dai dangarta lafiya lau take.

Na yanke hukunci: tsutsar ciki ce. Na yi mata bayani cewa dabba ba ta ɗaukar ciki sai ta nemi barbara, kuma nema ba ya ɓuya. Saniya tana kuka tana hawa 'yan'uwanta, akuya tana kaɗa wutsiya, kyanwa kuwa duk unguwa sai ta sani. Ga shi wannan ko wata shida ba ta cika ba. Na fito da kwalbar maganin tumaki, na ce zan rage shi daidai girmanta. Yadda zan rage ɗin, ba a koya mini ba.

Goggo ta ɗauke kyanwar daga hannuna ta ɗora a cinya. Ta tambaya ko an taɓa ba mussa wannan magani ta rayu. Na ce a ilmance ya kamata ta rayu. Ta ce idan ta mutu a ilmance, wa zai tsare mata iri?

"Goggo, littafi ne ya faɗa," na ce.

"To, Malam," ta ce. Ranar ta fara kirana Malam, kuma ba yabo ba ne. "Ni da na yi cikin fari, wa ya ji ni bisa danga ina kuka? Uwar mijina ma sai da ta ga zane ya ƙi ɗauruwa."

Na ce mutum daban, dabba daban. Ta ce ta yarda, shi ya sa ba za ta ba mussa maganin tunkiya ba. Muka yi ta yi har la'asar. Na ce jinkiri zai kashe ta, ta ce gaggawa ta fi saurin kisa. A ƙarshe ta ce in bar kwalbar, idan kasuwa uku ta ci cikin bai sauka ba, ita da kanta za ta ɗura mata. Na auna mata a murfi, na nuna mata iyaka, na hau keke ina jin na yi wa jahilci rangwame.

Na yi yawo bayan haka. Na ga kyanwoyin tashar jirgin ruwa a Jidda, na ga na kasuwar kifi a Ankara ta Ghana, waɗanda ko kallon mutum ba sa yi. A Khartum wani tsohon likitan dabbobi ya gaya mini da Larabci cewa ƙananan kyanwoyi mata sukan yi neman farko shiru, ba kuka ba birgima, tun suna wata huɗu ko biyar, muzuru kuma da hanci yake aiki, ba ya jiran sanarwa. Ya faɗa kamar yana ba ni sirri. Na yi masa godiya, ban ce masa an riga shi a Kurfi ba.

Domin a waccan kakar, kasuwa ta biyu ba ta ci ba sai ga wani mai jaki ya yi sallama a ofishinmu, gaban mutane, Fulani cike da baranda suna jiran allura. Ya ce Goggo tana gaishe da Malam. Ta ce a faɗa mini tsutsotsin sun fito, guda uku, biyu baƙaƙe ɗaya mai roɗi-roɗi, kuma suna shan nono.

Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo daga Tamawa, wanda ya kawo karsana mai kumburin ciki, ya dube ni, ya dubi karsanarsa, ya ce shi dai ba ya sauri, zai ƙara mata kasuwa uku. Ya kwance igiyarsa ya tafi.